Tuwon Da Aka Auna Mu Da Shi

Yau kwana goma sha tara rabonmu da ruwa. Gero ya kai gwiwa ya tsaya cak, ganyensa na nannaɗewa tun hantsi, ƙasa kuwa in ka taka ba takalmi sai ka ɗaga ƙafa. Kullum da la'asar hadari sai ya haɗu ta wajen Maradun, ya yi baƙi ƙirin, mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi ta bar mu da kallon sama. Yaran yanzu suna duba waya su ce gobe za a yi. Ni ba na duba komai. Na taɓa ganin irin wannan damina sau ɗaya, shekara arba'in da ɗoriya ke nan, kuma akwai mutum ɗaya da tun lokacin nake riƙe da shi a zuciya. Sunansa Isiya. An ce riƙo ba kyau, na ji. Wanda ya faɗa ya zo ya zauna in ba shi labari tukuna.

Ina da shekara ashirin ko kusa da haka, ina aure a wani ƙauye da ke bayan Janbako. Gidan gandu ne: surukina da muke kira Baba, matarsa Inna, mijina Garba, sai ni da ɗiyata ta fari. Ba na faɗin sunanta na yanka, har yau bakina bai iya ba, don a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da shi. Mutanen gida suna ce mata Tanoma, saboda an haife ta ana tsakiyar noma. Shekararta uku. Yarinya ce mai surutun tsiya, ta fi son zama a kan cinyar Baba tana ja masa gemu, shi kuwa yana ce mata matarsa.

Daminar waccan shekara ita ce ta yi mana irin wannan tsayawa. Ruwa ya ɗauke gero na shirin ɗaukar ciki, bai dawo ba sai da kara ya yi fari. Gonar da muke ɗaure dami ɗari da wani abu, ranar girbi jaki biyu suka kwashe ta a sawu uku. Baba ya zaɓi zangarkun da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye a ɗakinsa. Wannan shi ne iri, ba mai taɓa shi ko da wuta ta kama gida. Garba ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani kudu, ya bar mu da abin da ya rage.

Da farko tiya ɗaya muke surfawa a rana. Kafin sanyi ya wuce ta koma rabi. Da bazara ta shigo muka daina zubar da dusa, muka daina ba awaki, mu muka koma awakin. A jiƙa ta, a tace, a dama kunu da tsamiya, a sha a kwanta. Zafin bazarar nan ban ga irinsa ba. Ruwan randa ma ɗumi yake yi, ƙadangaru su buɗe baki a gindin katanga, mutum ya tashi tsaye sai ya dafa bango kafin duhun idonsa ya washe. Ni da Inna mukan fita da sassafe mu tsinko aduwa da goruba, mu dawo kafin rana ta yi tsaka.

Amma in ka shigo ƙauyenmu a lokacin, wallahi ba za ka ce ana yunwa ba. Kowane gida da la'asar za ka ji daka. Ƙaiƙayi ne a turmin, wani lokaci ma ba komai, amma sai an daka don maƙwabta su ji. Kowane gida hayaƙi na tashi, ko da ruwa ne zalla a tukunyar. Rumbu kuwa, ko ɓera ya ƙaura daga cikinsa, jinkarsa na kai, an yaɓe tsagarsa, an share gindinsa. Kowa ya san na kowa, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Abin da muke kira rufin asiri ke nan, kuma shi kaɗai ya rage wa magidanta. In mutum ya rasa hatsi ya rasa wannan kuma, to me zai fita da shi masallaci?

Ana cikin haka aka ce ga masu bincike nan tafe. Hakimi ya aiko cewa gwamnati za ta raba hatsin agaji, amma bai isa kowa ba, don haka an turo masana su auna su ga inda yunwa ta fi tsanani. Suka zo a farar mota, wani dogon Dakta mai tabarau wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, da mai taimaka masa. Mai taimakon shi ne Isiya. Ba baƙo ba ne. A Bakura ya tashi, amma uwarsa ƙanwar Baba ce, a gidan nan aka haife ta. Yana yaro a nan yake hutun makaranta, da shi da Garba suke koran tsuntsu a gona. Ya san dakan ƙaiƙayi, ya san hayaƙin ruwa, uwarsa ma ta yi. Ku riƙe wannan, don a kansa maganata take.

Ba kowane gida suke shiga ba. Suna ƙirga ƙofofi, duk ta goma sai su ja mata alli. Abin da suka samu a gidan shi za a rubuta wa sauran tara. Alli ya faɗa ƙofarmu. Aka ce gobe da hantsi za su zo.

Da asuba Baba ya yi abu biyu. Ya sa aka cika rumbun tsakiya da karan dawa har kusan baki, ya shimfiɗa dammuna bakwai da suka rage mana a sama. Sannan ya shiga ɗakinsa ya sauko da zangarkun iri, ya ajiye a gabana.

Inna ta ce, "Malam, iri ne fa wanga."

Ya ce, "Na san iri ne. Ɗan ƙanwata za shi shigo gidana da baƙo, in ba su kunun dusa? A yanka zabuwar nan kuma."

Ni na sussuke irin, ni na surfa, ni na niƙa, ni na tuƙa. Tuwon gero ne mai kyau, na rantse ban ƙara tuƙa kamarsa ba, ga miyar kuka da zabuwa da ɗan man shanun da Inna ta ɓoye don magani. Ƙamshin ya cika gida. Tanoma na riƙe da zanena tana kallon tukunya, ba ta ce komai ba, don yunwa ta riga ta rage mata surutu.

Suka zo. Ina leƙe ta jikin zana. Isiya ya zagaya rumbunan uku da igiyar awo, yana faɗi Dakta na rubutawa. Biyu na gefe ba a buɗe ba, Baba ya ce an yaɓe su sai damina. Na tsakiya aka kafa wa tsani. Isiya ya hau, ya ɗaga jinka, ya zaro dami ɗaya, aka rataye shi a sikeli mai ƙugiya. Na ga lokacin da ya mayar da hannu ciki, ya tura shi har kafaɗa. Ya taɓa kara. Na ga fuskarsa, ya ɗan tsaya, ya dubi Baba, ya dubi Dakta, sannan ya mayar da jinka ya sauko yana kaɗe riga. Suka ninka nauyin dami ɗaya da girman cikin rumbu, suka ninka da uku. Sannan aka tambayi Baba sau nawa ake ɗora tukunya a gidansa. Ya ce alhamdu lillahi, safe da maraice. Bai yi ƙarya ba, ana ɗorawa.

Aka kai musu akushi a zaure. Dakta ya ci har yana gumi, yana ta cewa da kyau, da kyau. Abin da ya dawo cikin gida ƙanzo ne da ƙashin zabuwa, shi na jiƙa wa Tanoma.

A nan na yi abin da ba a yi. Isiya ya zagayo bayan gida wanke hannu, na ɗauki buta na bi shi. Na tsuguna ina zuba masa ruwa, na ce, "Malam Isiya, ka ji tsoron Allah. Ka taɓa kara da hannunka. Biyun nan ba ko tsaba ciki. Tuwon da kunka ci iri ne. Dubi yarinyar ga, dubi ƙafarta."

Kun ga na karya kunya biyu a numfashi ɗaya: na tona asirin gidan surukina, na kuma yi roƙo a kan ɗiyar fari. Ya dube ta, tana tsaye a bakin madafa, gashinta ya fara ja.

Ya ce, "Hajo, takardar nan ta magidanta ce, ba ta da gurbin maganar mata. Abin da aka auna shi ne ilimi, abin da kika faɗa labari ne. Kuma mun je kasuwar Janbako jiya, ga hatsi buhu kan buhu, ga awaki ba masaka tsinke."

Na ce, "Hatsin na wa ne? Na fatake ne, mu kallo muke. Awakin kuma namu ne, kowa ya kai tashi don ba abin ba ta."

Ya yarfe hannu ya ce zai duba. Zuciyata ta ɗan kwanta, sakarya, na ɗauka zai gyara a ɓoye, ya rufa wa Baba asiri ya kuma cece mu. Ai ba wuya. Alƙalami na hannunsa, Dakta ba ya jin Hausa.

Ga yadda ya duba. Sun fito ƙofar gida, ga dattawan unguwa a kan tabarma, ga liman, ga mai unguwa. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Kawu, ko akwai abin da kake so a gyara a takarda? Don Hajo ta ce mini rumbunan ba komai ciki."

Ina bayan zana, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wace amsa dattijo zai bayar a gaban sa'o'insa? Baba ya ce, "Maganar mata ce. Rubuta abin da ka gani." Isiya ya ce to. Ya wanke kansa ke nan: ya tambaya, an ba shi amsa, ga shaidu. Ya san tambayar da zai yi, ya san wurin da zai yi ta, ya san abin da za a ce masa. Wannan ba kuskure ba ne. In ya kawo wa Dakta takarda mai gyare-gyare za a ce bai iya aiki ba, shi kuwa yana neman a tura shi ƙarin karatu.

Tun daga ranar Baba bai ƙara cin abin da na dafa ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba. In na kai kwano sai ya tura wa Inna. A rijiya mata suka riƙa yin shiru in na iso. Wata ta ce a kunnena, "Ga mai bakin gidan Malam nan." Su ma duk rumbunansu wayam, amma ni ce na faɗa.

Bayan kamar mako uku motocin hatsi suka fara wucewa. Wasu suka nufi wajen Garbadu, wasu Bakura. Muna jin ƙuginsu daga nesa, yara na gudu bakin hanya suna dawowa. Mai unguwa ya hau keke ya je ofis a Talata Mafara, ya wuni a kan benci. Da aka kira shi aka buɗe masa littafi, aka ce bincike ya nuna yankinku yana da abincin da zai kai shi kaka. Ya ce ranka ya daɗe mutane na cin dusa. Aka ce ba da jita-jita ake aiki ba, masana sun je sun auna, har sun ci tuwo a can. Ya dawo ya faɗa a masallaci. Aka ce Baba bai ɗaga kai ba har aka watse.

Sai ruwa ya sauka, ruwan shuka na gaske, wanda ƙamshin ƙasa ke shiga har ƙoƙon kai. Washegari duk ƙauye ya fita da sungumi, mu muna zaune, ba iri, dammunan nan bakwai kuwa tuni mun cinye. Garba ya dawo daga cin rani da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba da zazzaɓi a jiki. Shi da Baba, dattijo mai furfura, suka shiga ƙwadago a gonakin mutanen Janbako, ana biyansu da tiya. Rabi mu ci, rabi a tara. Sai da aka kwana ashirin da wani abu kafin muka haɗa abin shukawa. Geron mutane ya rufe ƙasa, namu bai huda ba.

Wanda bai yi yunwar damina ba bai san yunwa ba. Ta rani kana kwance kake jin ta. Ta damina da fartanya a hannu take samunka, ga ciyawa na tsere da gero, ga duniya ta yi kore shar, ba abin sawa a baki. Muka koma kan tafasa da rama da yaɗiya. A dafa, a matse, a barbaɗa gishiri, ba ƙuli ba mai. Ciki ya cika ya yi ƙugi, kafin ka kai ƙarshen kunya ya zube. Har gidan tururuwa muka tona, ni da Inna, muka sheƙe tsabar da suka tara, muka samu abin da bai cika ludayi biyu ba. Inna ta yi dariya ta ce yau mun yi wa tururuwa fashi, sannan ta juya baya ta goge ido da gefen zane.

Manya sukan jure ganye. Cikin yaro ba ya jurewa. Da marka ta kama, ruwa kwana da kwanaki, itace ya jiƙe, ɗaki na wari, zawo ya kama Tanoma. Ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Fuska ta yi suntum har wata baƙuwa ta ce yarinyar nan ta yi ƙiba. Fatar cinyarta ta fara saɓulewa. Ta daina kuka, ta daina neman abinci, in an ba ta ma sai ta kau da kai. Baba ya sayar da babbar rigarsa ta Idi, aka sayo gero aka dama mata kunu mai kyau, amma lokaci ya wuce, cikin ba ya riƙewa. Shi yake goyon ta a kafaɗa yana zagaya tsakar gida. Ni kuwa ina daka, ina shara, ina kallonta da gefen ido, don ɗiyar fari ce.

Ta rasu ranar Laraba da hantsi, ana yayyafi, a hannun Baba. Ba ni da izinin kuka. Na ɗauki tulu na ce zan je rijiya, na ratse cikin gonarmu inda gero ya kai ƙirji bai ko fara fitar da kai ba, na kwanta a cikin laka na cusa zane a baki. Ranar sadakar uku wata maƙwabciya ta zo gaisuwa da tumu biyar a ƙoƙo, na farko daga gonarsu. Su sun yi shuka da ruwan farko. Na karɓa na yi godiya, na kai wa Inna, ban iya ci ba.

Za a ce ai laifin Baba ne, shi ya cika rumbu da kara, shi ya sauko da iri. Na yarda yana da nasa, kuma ya biya. Bai ƙara zama a majalisa ba, bai ga wata damina ba. Kwana biyu kafin ya cika ya ce a kira ni in dama masa kunu da hannuna, ya sha, ya ce, "Ke kinka faɗi gaskiya." Na yafe masa tun kafin ya rufe baki. Baba bai je makaranta ya koyi gane yunwa ba, ba a biya shi albashi don ya gano ta ba. Shi aikinsa ya ɓoye, ya ɓoye. Wanda aikinsa ya gano, ya gano ɗin, ya mayar da jinka.

Kada wani ya ɗauka faɗa nake da ilimi. Shekara huɗu da suka wuce jikata ta fara irin wannan kumburi, tamowa ake ce masa yanzu. Muka kai ta asibiti a Talata Mafara. Wata yarinya ma'aikaciya, ba ta kai ɗiyar cikina ba, ta naɗa mata wata 'yar igiya mai launi a dantse, ta ce ja ne, a kwantar da ita. Ba ta tambayi ubanta sau nawa ake ɗora tukunya ba. Aka ba ta wani abinci na gyaɗa a leda, cikin wata guda ta miƙe, ga ta can tana makaranta. Ranar na zauna a barandar asibiti na yi ta tunani: igiyar awo ce a hannun Isiya shi ma, cikin rumbu ya naɗa wa. Masu tambaya har yanzu suna zuwa, da waya a hannu maimakon takarda, wayar kuwa abin da aka gaya mata take riƙewa. In sun zo ɗana Sani ya fara alhamdu lillahi, sai in fito in ce su biyo ni su leƙa rumbu da kansu. Sani ya ce ina kunyata shi. Na ce kunya ta ci mini mutum ɗaya, ba ta ƙara ci.

Isiya kuwa Allah ya ɗaukaka shi. Aka tura shi karatun, ya dawo Dakta, ya zama Farfesa. Nakan ji muryarsa a rediyo yana bayanin tattalin arzikin manoma, in kashe. Duk shekarun nan bai tako gidan ba, ko gaisuwar rasuwar Baba aike ya yi. Ni kuma ban taɓa roƙon Allah ya yi masa wani abu ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada in mutu, kada ya mutu, sai ya zauna a gabana.

Shekaranjiya da la'asar, hadari ya haɗu ya watse kamar kullum, sai ga mota a ƙofar gida. Sani ya shigo da sauri ya ce, "Iya, Farfesa ne, ke yake son gani." Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Ya tsufa, ya rame, da sanda yake tafiya, sai da aka riƙe shi ya zauna. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, gajiya, damina. Ban rage masa ko ɗaya ba. Sannan ya ce za a yi masa aiki a zuciya a ƙasar waje, likitoci sun ce ko a tashi ko kada a tashi, shi ya sa yake zagaya dangi yana neman gafara.

Ya ce, "Hajo, abin nan na shekarun baya yana damuna. Daga baya mun gane hanyar da muka bi ba daidai ba ce. Ni da kaina na yi rubutu a kai, na nuna cewa ƙirga rumbu da tambayar magidanta ba ya nuna yunwa. Yanzu ana koyar da shi a jami'a, an daina yin haka. Shi ilimi haka yake, yana kuskure yana gyara kansa."

Na ce, "Rubutun, an ƙara maka girma da shi?"

Ya ce an ƙara.

Na ce, "Madalla. Ka ci da kuskuren, ka ci da gyaran. A cikin rubutun ka faɗi cewa ka taɓa kara da hannunka?"

Sani na gefe yana ta yi mini ido, matarsa ta tsaya da tsintsiya a hannu. Isiya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban faɗa ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ki yafe mini don Allah."

Kowa ya san amsar wannan. Ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ko a kasuwa aka taka ka haka ake cewa, kuma na tabbata duk gidan da ya shiga haka aka ce masa. Sani ya matso ya ce a hankali, "Iya, mutum ne mai jinya, ki ce kin yafe."

Na ce, "Isiya, ɗaga kai ka dube ni." Ya ɗaga. "Nawa, na tona ni da ka yi a gaban maza, ban yafe ba, kuma ba ni yafewa. Na yarinyar kuwa ba nawa ba ne balle in bayar. Shekararta uku, ba ta san ka ba, sau ɗaya ta gan ka kana wanke hannu. In aikin bai yi ba, kai za ka riga ni isa wurinta. Ka gaya mata ko kai wane ne, ka yi mata bayanin yadda ilimi ke gyara kansa."

Ya yi kuka, kuka na sosai, irin na tsofaffi da ba ya fita da sauti. Sani da direba suka ɗaga shi. Ban raka shi ba, ban ce Allah ya ba da lafiya ba. Sani bai yi mini magana ba tun ranar, liman ma ya aiko a ce mini in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronsa, shi ya sa na bar masa shari'ar. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Da aka sauke tuwon magariba na cinye nawa tas, na ce a ƙaro.